Yadda Ake Ƙirga Shafukan Littafin da Ba a Buga wa Lamba Ba: Jagora ga Ma'aikatan Ɗakin Karatu a Damagaram

A katin kowane littafi akwai layin da ake rubuta yawan shafukansa da tsayinsa. Idan maɗaba'a ta sa lamba a gindin shafi, aikin ba ya cin minti guda, ka buɗe ƙarshe ka kwafe. Sai dai abin da ke shigo mana a nan Damagaram ba duka ke zuwa a haka ba. Akwai littattafan yara masu hotuna, akwai rahotannin ƙungiyoyi da aka huda aka zura wa roba, akwai ƴan littattafan kasuwa na Larabci da ajami waɗanda aka ɗauko hoton rubutun hannu aka buga a Kano, akwai fotokwafin da injin ya yanke masa gindi, sannan ga littattafan malamai na warƙa-warƙa da suka kwana cikin gafaka tun zamanin kakanni. Duk waɗannan sai ka ƙirga da hannunka.

Abin da ake nema shi ne adadin da ka rubuta ya zama wanda wani zai sake ƙirgawa bayan shekara goma ya tarar da shi daidai, ko kuma ya gane cewa wani abu ya ɓata. Don haka dole katin ya nuna abu uku: me ka ƙirga, daga ina zuwa ina, kuma adadin nan bugagge ne a littafin, ko ƙirgarka ce, ko kintace.

Fara da tabbatar da cewa lambar ce babu

Kafin ka yanke hukunci, bi littafin a wurare uku ko huɗu, ka duba sama da ƙasa da gefen ɗinki. Masu ɗaure littafi sukan datse baki su tafi da lambar wasu shafuka su bar ta wasu. Idan ka sami ko da lamba ɗaya a tsakiya, littafin mai lamba ne, hukuncinsa daban, zan zo kansa.

A littattafan Larabci da ajami a kula da lambobin Larabawa, don suna ruɗa wanda ya saba da na boko. Biyar (٥) tana kama da sifiri, sifiri kuma ɗigo ne kawai (٠) wanda a bugun kasuwa ba ka raba shi da ɗigon tawada, shida (٦) kuwa sai ka rantse bakwai ce. Littafi mai shafi 50 yana iya shiga kati da shafi 5 saboda ɗigon nan. Ƙura ido sosai, in ya yi dishi-dishi ka duba shafin da ke gabansa da na bayansa.

Shafi kake ƙirgawa ko warƙa?

Warƙa ita ce fallen takarda guda, tana da fuska biyu, kowace fuska shafi ce. Dokar mai sauƙi ce: idan an yi rubutu gaba da baya, shafi ake ƙirgawa, idan fuska ɗaya kawai aka buga aka bar bayan fari, warƙa ake ƙirgawa. A katin Faransanci shafi shi ne p., warƙa kuma f.

Inda wannan ya fi tasowa shi ne kundayen kammala karatu, irin waɗanda ɗaliban Jami'ar André Salifou da sauran manyan makarantu ke ajiyewa. Yawancinsu fuska ɗaya ake bugawa. Kundin da ke da falle 84 masu farin baya, warƙa 84 ne, ba shafi 168 ba, ba kuma shafi 84 ba. Ko da ɗalibin ya sa lamba 1 zuwa 84, warƙa za ka rubuta. Mai nema daga nesa da ya ga «84 f.» ya san kaurin abin da zai tarar, ya kuma san kuɗin fotokwafin da zai tanada.

Akwai masu gauraye, wasu fallayen gaba da baya, wasu fuska ɗaya. Bi abin da ya fi yawa, ka faɗi sauran a layin ƙarin bayani.

Daga ina zuwa ina

A nan ne ma'aikata biyu ke ƙirga littafi ɗaya su fito da adadi biyu, kowa kuma yana da gaskiya a nasa lissafin. Hanyar da na fi amincewa da ita ga littafin yau da kullum ita ce a fara daga shafin farko mai ɗauke da bugu, a tsaya a shafin ƙarshe mai ɗauke da bugu. Farin shafin da ya faɗo a tsakani ana ƙirga shi, domin yana cikin jikin littafin. Fararen fallayen da mai ɗauri ya liƙa a farko da ƙarshe don su riƙe bango ba sa ciki. Shafukan tallar wasu littattafan maɗaba'ar da ke can ƙarshe su ma a bar su.

Bango ba ya shiga lissafi, sai a hali ɗaya. Ƴan ƙasidun faɗakarwa kan rigakafi ko noman rani sau da yawa bangonsu da cikinsu takarda iri ɗaya ce, bayanin kuma yana farawa tun daga cikin bangon ya ƙare a bayansa. Irin wannan ka haɗa da bangon, ka rubuta a ƙarin bayani cewa ƙirgar har da bango.

To idan rubutu ya ƙare a shafi na 31, bayansa fari ne fa? A bisa dokar da na kawo, 31 za ka rubuta. Wasu gidajen 32 suke sa wa, musamman masu kula da tsofaffin bugu, waɗanda ke lissafa kowane falle da maɗaba'a ta naɗe. Ba laifi ba ne. Laifin shi ne mai aikin safe ya bi wannan, mai aikin yamma ya bi waccan. Shugaban ɗakin karatu ya zaɓi guda, a rubuta ta a takarda a manna a bangon kayen rajista.

Ƙirgar kanta

Share tebur, wanke hannu ka bari ya bushe, ka kashe fanka ko ka juya mata kai. Na san a bazarar Damagaram wannan magana ce mai nauyi, amma iskar fanka tana juya shafi ba da saninka ba. Kada a lashi yatsa. Yawu yana barin tabo, ƙurar hunturu ta zauna a kai, kusurwar shafi ta yi baƙi.

Warƙa ake bi da hannu ko da shafi ake nema, daga baya a ninka biyu. Yanka ƴan siraran takardu, duk warƙa goma ka saƙala ɗaya. Amfaninsu yana fitowa lokacin da wani ya yi sallama kana tsakiyar aiki: ka amsa, ku gaisa har ku tambayi gida, ka dawo ka ci gaba daga alamar ƙarshe maimakon ka koma farko. In ka kai ƙarshe, ƙirga alamomin, ka ƙara ƴan warƙoƙin da suka yi saura. Alama 4 da saura 6, warƙa 46 ke nan, shafi 92. Sai ka duba farko da ƙarshe ka cire farar fuskar da ba ta cikin lissafi.

Ƙaramin littafin da aka naɗe biyu aka soke da ƴar waya a tsakiya yana da gajeriyar hanya. Kowace takarda da aka naɗe tana ba da shafi 4. Ƙirga warƙoƙi daga farko har inda wayar ta bayyana, ka ninka huɗu. Warƙa 6 kafin waya, shafi 24. Wannan kuma ita ce hanyar binciken kanka: irin wannan littafi jimillarsa, har da fararen shafuka, dole ta rabu da huɗu. Idan ka samu 26 ko 30, ko dai yatsanka ya haɗa biyu, ko an yage falle. Buɗe daidai kishiyar wurin a ɗaya rabin, sau da yawa za ka tarar da abokin fallen yana lilo, wayar kaɗai ke riƙe da shi.

Littafin da aka ɗinka da zare ƙulli-ƙulli ake haɗa shi, galibi kowane ƙulli shafi 16 ko 32. Leƙa ta saman ƙashin bayansa za ka ga ƙullin a jere. Ƙirga shafukan ƙulli ɗaya, ka ƙirga yawan ƙullin, ka sami adadin da za ka gwada da ƙirgarka. Littattafan yara masu hotuna shafi 32 suka fi yawa saboda wannan dalili, ko da yake a wasu an manne na farko da na ƙarshe a jikin bango, sai ka tarar da ƙasa da haka. Abin da ka gani za ka rubuta, ba abin da ya kamata a ce akwai ba.

Sabuwar takarda mai sheƙi tana mannewa. Murza kusurwa tsakanin babban yatsa da manuni kafin ka juya.

Idan littafin ƙato ne

Ba kowane littafi ya cancanci a ba shi rabin yini ba. Rahoto mai kaurin bulo wanda akwai irinsa a ofisoshi da dama, kintace ya ishe shi. Ƙirga warƙa 50, ka matse su, ka auna kaurinsu da rula. Sannan ka auna kaurin littafin duka ban da bango. A ce warƙa 50 sun ba ka milimita 5, littafin kuma milimita 32 ne, warƙa 320 ke nan, kimanin shafi 640. Takardar ofis mai giram 80 kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, shi ya sa rim mai falle 500 yake kai wajen santimita 5. Idan akwai hotuna a takarda mai kauri a ciki, awon zai zarce, sai ka cire su ka ƙirga su daban.

Ni dai ma'aunina shi ne, abin da bai wuce shafi 100 ba, a ƙirga shi, minti biyar ne. Wanda ya wuce a kintata, in dai ba kwafi ɗaya tilo ba ne. Duk abin da aka buga a nan gida, ko aka rubuta da hannu, ko ka san in ya ɓata ba inda za a samo wani, ƙirga shi falle-falle ko da dubu ne.

Yadda ake rubutawa a kati ko a kwamfuta

Adadin da ka ƙirga da kanka ana sa shi cikin baka mai kusurwa, alamar cewa ba a jikin littafin aka buga shi ba. A tsarin da muka gada daga ƙa'idojin bayanin littattafai na duniya, wato ISBD, da na AFNOR, hukumar ƙa'idoji ta Faransa, za ka ga an rubuta:

1 vol. (non paginé [32] p.) ; 21 cm

Kintace kuma ba ya shiga baka, ana sa masa ca a gaba, wato kimanin: ca 640 p. Idan ba ka ƙirga ba, ba ka kuma kintata ba, «non paginé», wato marar lamba, kaɗai ya halatta, amma wannan mafita ce ta ranar da aiki ya yi yawa. Sabon tsarin RDA, wanda ya fito a 2010, ya daina amfani da bakar, yana rubuta abin da kalmomi: shafi kaza marasa lamba, ko kimanin shafi kaza. Wanda ke cika kati da Hausa, ina ganin wannan ya fi masa: «shafi 32 marasa lamba», «warƙa 84», «kimanin shafi 640». Mai karatu ba ya bukatar a fassara masa.

A kwamfuta, ko manhajar PMB kuke amfani da ita ko ta Koha, gurbin bayanin jikin littafi shi ne 215 a tsarin UNIMARC, 300 a MARC 21. Tsayi ana auna shi da santimita a cike zuwa sama: kundin A4 mai 29,7 ya zama 30 cm, mai 17,2 ya zama 18 cm.

Mai lamba rabi da rabi kuwa, lambar ƙarshe ta kowane jeri ake ɗauka. Gabatarwa da lambar Romawa zuwa xii, sai jiki zuwa 186, sai rataye na shafi takwas da ba lamba: xii, 186, [8] p. Hotunan da aka cusa a takarda daban ba tare da lamba ba a ƙirga su a ware: [16] p. de pl. Idan maɗaba'a ta yi kuskuren da zai ɓatar da mutum, misali shafin ƙarshe ya ce 48 alhali 96 ne, a rubuta 48 [i.e. 96] p. Rahoton da kowane babi ke sake farawa daga 1, kada ka wahalar da kanka da jera su, «pagination multiple», wato lambobi jeri da yawa, ta wadatar. Wanda ƙarshensa ya yage, rubuta lambar ƙarshe da ta tsira da alamar ƙari, 179 + p., ka bayyana cewa kwafinku bai cika ba, don kada wani ya ɗauka a nan littafin ya ƙare.

Littattafan malamai na warƙa-warƙa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kuskure ba ya gyaruwa. Rubutun hannu na ƙasarmu ba a ɗinke shi. Fallaye ne a tsube tsakanin kwali biyu, a naɗe cikin tadarishi, wato bangon fata, a ɗaure da tsirkiyar fata, a zura a gafaka. Dalili ke nan malami zai iya zare warƙa biyu ya ba almajiri ya je ya kwafa, dalili ke nan kuma warƙa ke tafiya ba ta dawo ba. Takardar da yawa daga cikinsu ta Italiya ce, ta biyo ayarin Tarabulus da Agadas ta sauka Damagaram a ƙarni na 19, zamanin da kasuwar Sarki Tanimun ke ci. Ɗaga falle ka kalli haske, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikin takardar. A Yamai, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH, wanda tushensa tarin da Boubou Hama ya fara ne, yana riƙe da dubban irinsu. Da yawa kuma suna nan a ɗakunan gidajen Birni da Zango.

Ƙa'idar farko: a ƙirga a gaban mai shi, kafin ya tashi. Kamar mai ba makiyayi kiwo ne, ana ƙirgawa ranar bayarwa, a sake ƙirgawa ranar karɓa. Shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, kwance tsirkiyar a hankali, in Alƙur'ani ne ka kasance da alwala. Ka ɗauki warƙa da hannu biyu, ka kifa ta a gefe, ta gaba ta hau kanta, yadda in an gama za a juya tsibin ya koma yadda ya zo. A hunturu takarda tana bushewa ta yi ƙaras, bakin da gara ta taɓa yana marmashewa da ɗan taɓi, saboda haka a tallabo ta daga ƙasa, ban da jan kusurwa. Kula da takardar da aka naɗe biyu, warƙa biyu ce ba ɗaya ba. Adadin da kuka samu a rubuta a takarda biyu, ɗaya gare shi ɗaya gare ku.

Ta biyu: nemi izini kafin ka sa lamba. «Allah gafarta Malam, muna so mu sa ƴar lamba da fensir a kusurwar kowace warƙa, don ko iska ta watsa su a iya mayarwa. In ba a yarda ba, sai mu bari.» Wani zai ce, «Bismilla, ɗana, amma kada ta kusanci rubutu.» Wani kuma zai ce littafin mahaifinsa ne, ba a ƙara masa ko ɗigo. Wannan sai ka rubuta lambobin a ƴan guntayen takarda, kana ajiye kowace kusa da warƙarta lokacin ɗaukar hoto.

Inda aka yarda, fensir mai laushi ne kawai, ban da bik, ban da tawada, ban da hatimi. Warƙa ake sa wa lamba, ba shafi ba, lamba ɗaya a fuskar gaba. Tunda daga dama ake buɗewa, fuskar gaba ita ce wadda ke hannun hagunka idan littafin na buɗe, lambar kuma a kusurwar sama ta hagu. Wajen ambato sai a ce 12a ga fuskar gaba, 12b ga ta baya, ko 12r da 12v a tsarin Turawa. Guntuwar takardar da aka cusa a tsakani, wata fa'ida ko lissafin bashi ko wasiƙa, kada a cire ta. Ba ta lambar warƙar da ke gabanta da ƙari, 12 bis, ta zauna inda aka same ta.

Ta uku, wadda ta fi wuyar bi ga mai ilimi: sa lamba yadda ka tarar da su, ko da ka ga a hargitse suke. Gyaran jeri aiki ne na biyu, a takarda ake fara yin sa. Abin da zai taimake ka shi ne kalmar da magwafi ke rubutawa ita kaɗai a ƙasan bayan warƙa, can gefen hagu, wadda ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda kalmar ƙasan 17b ba ta dace da farkon 18a ba, ko an yi musanya ko an yi rashi. Rubuta wurin, ka ci gaba. Sau da yawa za ka tsinci warƙar a gaba, ta koma 40 ko 41, sai ka rubuta a bayani cewa jerin karatu shi ne 17, 41, 18. A yi hattara da kalmomin da ke yawan maimaituwa, irin su «ƙala» ko sunan Allah, don suna iya dacewa da warƙar da ba tasu ba. Karanta jimlar ta haɗu tukuna. A Alƙur'ani akwai ƙarin madogara, alamomin izu sittin da na nusufi da rubu'i da sumuni da aka zana a gefe. In an tsallake sumuni, ka san inda za ka nema.

Tadarishi ɗaya kuma ba lallai littafi ɗaya ba ne. Kana iya samun fiƙihu, sai waƙar wa'azi da ajami, sai addu'o'i, kowanne da hannun da ya rubuta shi. Sabuwar basmala a kan warƙa da kalmar «tammat» a ƙarshen rubutu su ne iyakokin. Lambar warƙa ta zarce daga farkon tsibin zuwa ƙarshensa ba yankewa, sannan kowane littafi a ba shi katinsa da iyakarsa: warƙa 1 zuwa 22, warƙa 23 zuwa 30, haka har ƙarshe. A rubutun hannu ana ƙara tsayi da faɗin warƙa, da yawan layuka a shafi, domin su ne za su nuna maka gidan warƙar da aka tsinta ita kaɗai a gindin akwati.

Idan ka gama, sake ƙirgawa daga baya zuwa gaba, ko ka ba abokin aiki ya ƙirga ba tare da ka faɗa masa naka adadin ba. In kun saɓa, a yi ta uku tare. Adadin da aka tsaya a kai a rubuta shi a kati da kayen rajista, da ranar ƙirgar da sunan wanda ya yi ta, a kuma sa shi a ƴar takarda a cikin tadarishin, a saman kwalin farko. Duk mai nazarin da aka fito wa da littafin, a duba lambar farko da ta ƙarshe da alamomin goma-goma kafin a miƙa masa, a sake dubawa kafin ya sa hannu ya fita.